Kiɗan Rege da Dub na Jamaika: Dangantakarsu da Addini da Siyasa da Al'ada

1. Gabatarwa

Rege wani irin kiɗa ne da waƙa wanda ya samo asali a tsibirin Jamaika wajen shekara ta 1968. Dub kuwa ɗansa ne, watau kiɗan regen nan da a ke sāke tacewa cikin na'ura, a cire muryar mawaƙi, a bar ganguna da jita mai kaurin murya. Duniya ta fi sanin rege ta bakin Bob Marley, amma labarin ya girme shi, ya kuma fi shi faɗi. Abin da wannan takarda ta ke nufin nunawa shi ne yadda talakawan birnin Kingston, waɗanda ba su da jarida, ba su da gidan rediyo, suka mai da kiɗa ya zama musu majalisa. Addinin Rastafari ya ba su kalmomin da za su yi magana da su, dandalin rawa ya ba su wurin yin maganar, 'yan siyasa kuwa suka yi ta ƙoƙarin aron muryar don amfanin kansu.

Akwai dalilin da ya sa wannan batu ya shafi mai nazarin Hausa. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya rubuta littafi kan sarautar Zazzau, mutumin Jamaika ne haifaffen Kingston. Maiɗakinsa Mary Smith ita ce ta rubuta tarihin Baba ta Karo. A 1957 Smith ya buga wata maƙala kan roƙo a ƙasar Hausa, inda ya nuna yadda maroƙi ke tabbatar da muƙamin mutum da yabo, ya ke kuma iya zub da girmansa da zambo. Shekara 3 bayan haka shi ne dai ya shiga unguwannin talakawan Kingston, tare da Roy Augier da Rex Nettleford, suka rubuta rahoton farko na jami'a a kan 'yan Rastafari. Tambayar da ta sha masa kai a Zazzau, watau mene ne tsakanin mai murya da mai mulki, ita ce tambayar da tarihin rege ke amsawa ta wata hanya dabam.

2. Ƙasar da Mutanenta

Ingilishi suka ƙwace Jamaika daga hannun mutanen Sifen a 1655, suka mai da ita gonar rake. Waɗanda suka yi noman kuwa bayi ne da aka kwaso daga Afirka, mafi yawansu daga gaɓar da a yau a ke kira Gana, da ƙasar Ibo, da yankin Kwango. Lokacin da aka soke bauta a 1834 bayin tsibirin sun haura 300,000, ba su kuwa sami cikakken 'yanci ba sai ran 1 ga Agusta 1838. Tun a zamanin nan addini da tawaye ke tafiya tare. Sam Sharpe, wanda ya jagoranci babban boren bayi na 1831, mai wa'azi ne na ɗariƙar Baftis. Paul Bogle, shugaban tawayen Morant Bay na 1865, shi ma haka. Duka biyu rataye su aka yi.

'Yanci bai zo da gona ba. Ƙasar noma mai kyau ta zauna a hannun masu manyan gandaye, 'ya'yan bayi kuwa suka yi ta kwarara zuwa Kingston neman aiki, suka cika unguwannin yammacin birnin irin su Trench Town da Back-o-Wall, cikin bukkokin kwano da katako. Tarzomar ma'aikata ta 1938 ita ta haifi jam'iyyu biyu da suka riƙa karɓa-karɓar mulki tun daga lokacin: PNP ta Norman Manley, wadda aka kafa a 1938, da JLP ta Alexander Bustamante, ta 1943. Ƙasar ta sami mulkin kai ran 6 ga Agusta 1962. Amma darajar mutum ta ci gaba da bin hasken fatarsa da iya Ingilishinsa, harshen da talakawa ke yi a gida kuwa ana ɗaukarsa gurɓataccen Turanci.

3. Akwatunan Sauti

Gidajen rediyon tsibirin guda biyu, RJR da aka buɗe a 1950 da JBC ta 1959, sun fi karkata ga abin da masu hali ke so su ji. Talaka ba shi da kuɗin garmaho, balle na shiga otal inda makaɗa ke wasa. Sai wasu 'yan kasuwa, yawancinsu masu shagon giya ko na kayan lantarki, suka fara haɗa garmaho da manyan lasifikoki cikin akwatuna, su ɗora a mota, su kafa a wani fili da dare, a biya 'yan kuɗi kaɗan a shiga a yi rawa. Wannan sana'a ta fara tun ƙarshen shekarun 1940. Waɗanda suka yi fice cikinta su ne Tom Wong, da Duke Reid wanda tsohon ɗan sanda ne, da Clement Dodd da a ke kira Coxsone, daga baya kuma Prince Buster.

Gasa ce mai zafi tsakaninsu. Wanda ya fi ƙarar akwatuna, ya kuma mallaki faifan da ba wanda ke da shi, shi ke janye jama'a. Da fari daga Amurka su ke sayo faya-fayan baƙaƙen fata, har su kan kankare sunan waƙar don kada abokin gasa ya gane ya nemo irinta. Da irin kiɗan da su ke so ya yi ƙaranci a Amurka, sai suka koma ɗaukar mawaƙan gida. Ta haka aka sami kiɗan ska mai sauri wajen 1960, wanda ya zo daidai da murnar mulkin kai. A 1966 ya yi sanyi ya koma rokstedi, a 1968 kuma aka shiga rege. Sunan ya fara bayyana a kan faifai ne a wata waƙar Toots da ƙungiyarsa ta Maytals a wannan shekara.

Abin lura a nan shi ne cewa dandali ne ke yanke wa waƙa hukunci tun kafin rediyo ta ji ta. Mai ɗaukar waƙa ya kan yanka faifan gwaji guda ɗaya tak, a sa shi da dare, in jama'a sun yi shewa a buga a sayar, in sun yi shiru a jefar. Saboda haka waƙar da ta yi maganar yunwa, ko tsadar gari, ko dukan 'yan sanda, tana iya game birni cikin mako guda ko da an hana sa ta a rediyo. Haka ya faru da waƙar Peter Tosh ta neman a halatta wiwi a tsakiyar shekarun 1970: hanin bai rage mata kasuwa ba.

4. Addinin Rastafari da Kalmominsa

Tushen wannan addini yana komawa ga Marcus Garvey, wanda aka haifa a St Ann's Bay a 1887, ya kafa ƙungiyar UNIA a 1914, ya yi ta kira ga baƙaƙen fata su dogara da kansu su mai da hankali ga Afirka. Ran 2 ga Nuwamba 1930 aka naɗa Ras Tafari Makonnen Sarkin Habasha da sunan Haile Selassie. Cikin laƙabinsa akwai Sarkin Sarakuna da Zakin Kabilar Yahuza, waɗanda duk mai karanta Littafi Mai Tsarki na Kirista ya san su. Wasu masu wa'azi a Jamaika, watau Leonard Howell, da Joseph Hibbert, da Archibald Dunkley, da Robert Hinds, suka ce ai wannan sarki shi ne mai ceton da aka yi wa baƙar fata alkawari. Shi kansa Haile Selassie Kirista ne na cocin gargajiya na Habasha, bai taɓa yin wannan da'awa ba.

Tun ran farko gwamnati ta gane akwai siyasa cikin maganar. Wanda ya ce sarkinsa yana Addis Ababa, ya ce ke nan Sarkin Ingila ba sarkinsa ba ne. Aka ɗaure Howell a 1934 bisa laifin zuga jama'a. Da ya fito ya kafa wani ƙauye mai suna Pinnacle a 1940, 'yan sanda suka watsa shi a 1954, mazauna wurin suka gangaro Kingston da aƙidarsu. Rahoton da Smith da abokansa suka rubuta a 1960 ya ce yawancin mutanen nan masu son zaman lafiya ne, talauci ne ke damunsu, ya kuma ba da shawara a aika da jakadu Afirka a bincika zancen komawa. Gwamnatin Norman Manley ta aika da su a 1961, suka ziyarci Habasha, da Nijeriya, da Gana, da Laberiya, da Saliyo. Duk da haka tsanani bai ƙare ba. A watan Afrilu 1963, bayan wani rikici a Coral Gardens kusa da Montego Bay inda mutum 8 suka mutu, aka bi 'yan Rasta ana kamawa, ana duka, ana aske su da ƙarfi. Sai a 2017 gwamnatin ƙasar ta nemi gafara a kan wannan. Abin da ya fara sāke ra'ayin jama'a shi ne zuwan Haile Selassie ran 21 ga Afrilu 1966, ranar da taron masu tarya ya cika filin jirgin sama har sarkin ya kasa sauka, sai da wani dattijon Rasta, Mortimo Planno, ya hau ya roƙi mutane su ja da baya.

Abu biyu wannan addini ya ba rege. Na farko ganga. 'Yan Rasta suna da ganguna uku na ibada da su ke kira nayabingi: babba mai riƙe ƙasa, matsakaiciya mai bugu biyu-biyu kamar bugun zuciya, da ƙarama mai yin kwalliya a bisansu. Count Ossie da jama'arsa suka fara shigar da su cikin faifan kasuwa a 1960, a wata waƙa da Prince Buster ya ɗauka. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, kalmomi. 'Yan Rasta sun karanta labarin Bani Isra'ila da aka kai bauta Babila, suka ce labarinsu ne. Babila ta zama sunan duk wani tsarin zalunci, tun daga ɗan sandan da ke bakin titi har zuwa bankunan ƙasashen waje. Sihiyona ta zama Habasha, ko Afirka baki ɗaya. Fir'auna shi ne mai mulki. Da waɗannan sunaye mawaƙi ya ke iya tuhumar gwamnati ba tare da ya ambaci kowa ba, kowa kuwa ya san wanda a ke nufi, kamar dai yadda habaici ke aiki a bakin mawaƙin Hausa. Ƙari a kan haka, tun da kalmomin na littafin da a ke karantawa a coci ne, tsohuwa mai zuwa coci ma tana jin su ba tare da an fassara mata ba. Waƙar ƙungiyar Melodians ta 1970 a kan kogunan Babila, alal misali, daga Zabura ta 137 aka ɗauko ta.

Ba dukan mawaƙan rege ne 'yan Rasta ba. Toots ya tashi da waƙoƙin coci, Prince Buster da Jimmy Cliff kuwa sun karɓi Musulunci. Waƙoƙin soyayya ma ba su taɓa yankewa ba. Amma daga 1970 zuwa 1980 harshen Rasta shi ne ya rinjayi kasuwa, har wanda bai yi imani ba ma ya kan ara.

5. 'Yan Siyasa da Mawaƙa

'Yan siyasar Jamaika ba su jahilci ƙarfin kiɗa ba. Edward Seaga na JLP ya yi nazarin addinan gargajiya na talakawa, ya kuma taɓa mallakar kamfanin faifai kafin ya shiga gwamnati. Yana minista aka dawo da gawar Garvey daga London a 1964, shi ne kuma ya aika da makaɗan ska bikin baje-koli na New York a wannan shekara. A mazaɓarsa ne aka rushe Back-o-Wall, inda 'yan Rasta ke da yawa, aka gina unguwar Tivoli Gardens aka zuba magoya bayan jam'iyya. PNP ma ta gina nata irin unguwannin. Daga nan gida da aikin yi suka rataya ga jam'iyyar da mutum ke bi, samari marasa aiki kuma suka zama 'yan bangar siyasa masu bindiga. A cikin waɗannan unguwanni ne yawancin mawaƙa ke zaune.

Zaɓen 1972 shi ne inda aron ya fito fili. Michael Manley, ɗan Norman Manley, ya ɗauki sunan Joshuwa, wanda ya gāji Annabi Musa ya shigar da jama'a ƙasar alkawari. Ya riƙa yawo da wata sanda da ya ce Haile Selassie ne ya ba shi, yana kiranta sandar horo. Mawaƙi Clancy Eccles ya shirya masa ayarin makaɗa da suka zagaya tsibirin, jam'iyyar kuma ta ɗauki wata waƙar Delroy Wilson ta 1971, mai cewa sauƙi na nan tafe, ta mai da ita takenta. PNP ta ci kujeru 37 daga cikin 53.

Manley ya yi shelar gurguzu na dimokuraɗiyya a 1974, ya ƙulla abota da Kuba, ya ƙara wa kamfanonin haƙar ma'adinai haraji, ya buɗe karatun yaƙi da jahilci. Amma tsadar man fetur da gudun masu jari suka karya tattalin arziki, har a 1977 ya nemi rancen Asusun Lamuni na Duniya. Mawaƙa ba su jira ba. Max Romeo, wanda aka yi yaƙin zaɓen 1972 da waƙarsa, shi ne ya dawo ya yi wata yana faɗa wa Joshuwa cewa talakawa ba su ga canji ba. Nan ne bambanci ya fito tsakanin mawaƙin rege da mawaƙin fada. Abincin mawaƙin rege yana hannun masu sayen faifai da masu biyan kuɗin shiga dandali, saboda haka in ya daɗe yana yabon wanda jama'a suka juya wa baya, kasuwarsa ce za ta mutu.

Tsayawa a tsakiya ma ba ta tsirar da kowa ba. Bob Marley ya amince zai yi wasa kyauta ran 5 ga Disamba 1976 don kwantar da hankalin jama'a. Sai gwamnati ta sa ranar zaɓe kwana 10 bayan wasan, abin ya zama kamar yaƙin neman ƙuri'a ne na PNP. Ran 3 ga wata 'yan bindiga suka shiga gidansa da ke titin Hope, suka harbe shi, da matarsa Rita, da manajansa Don Taylor. Ba wanda ya mutu, ba a kuma taɓa hukunta kowa a kotu ba. Ya yi wasan da rauninsa, sa'an nan ya bar ƙasar fiye da shekara guda. Ya dawo ne don wasan sulhu na 22 ga Afrilu 1978, wanda shugabannin 'yan banga na ɓangarorin biyu, Claudie Massop da Bucky Marshall, suka shirya. A daren nan Marley ya kira Manley da Seaga bisa dandamali ya haɗa hannuwansu. Peter Tosh kuwa ya tsai da kiɗa ya yi musu dogon faɗa a gaban jama'a kan zalunci da cin zarafin talakawa, bayan 'yan watanni 'yan sanda suka kama shi suka yi masa dukan kawo wuƙa. Hoton haɗa hannun ya zagaya duniya, amma sulhun bai daɗe ba. 'Yan sanda suka kashe Massop a 1979, aka kashe Marshall a New York a 1980, a shekarar zaɓen 1980 kuma aka kashe mutum wajen 800. JLP ta ci kujeru 51 daga cikin 60. Marley ya rasu da ciwon daji ran 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36, Manley da Seaga duk suna wurin jana'izarsa.

6. Dub da Masu Magana a Kansa

Kalmar dub a bakin masu aikin sauti tana nufin kwafe abin da aka ɗauka daga wani wuri zuwa wani. Labarin da a ke bayarwa shi ne, wajen 1968 wani mai akwatunan sauti, Ruddy Redwood, ya je ɗakin ɗaukar waƙa na Duke Reid a yanka masa faifan gwaji, mai aikin ya manta bai sa muryar mawaƙan ba. Redwood ya tafi da shi haka nan, da ya sa a dandali sai jama'a suka ɗauki waƙar da bakinsu. Masu ɗaukar waƙa suka ga riba: maimakon a biya kuɗin waƙa ta biyu don cika bayan faifai, sai a sa kiɗan waƙar farko ba murya. Wajen 1970 wannan ya zama al'ada, a kan kira bayan faifan da wata kalmar Ingilishi mai ma'anar wani juyi.

Wanda ya mai da wannan dabara ta zama fasaha shi ne Osbourne Ruddock, wanda aka sani da King Tubby. Mai gyaran rediyo ne a unguwar Waterhouse, ba makaɗi ba. A 1972 ya sayi tsohuwar na'urar haɗa sauti mai layi 4, ya riƙa sarrafa ta kamar abin kiɗa. Ya kan bar mawaƙi ya fara baiti, sai ya yanke shi a tsakiyar kalma, ya bar amsa-kuwwar kalmar tana ta maimaituwa har ta ɓace. Ya kan janye kome a bar ganga da jita mai kauri kaɗai, sa'an nan ya sako kākāki ko jita kwatsam ya sāke ɗauke su. Lee Perry, wanda ya gina ɗakinsa na Black Ark a 1973, ya ƙara da kukan dabbobi da ƙarar fashewar kwalba. Augustus Pablo kuwa da Tubby suka fitar da kundin 1976 wanda har yanzu a ke koyon dub da shi.

Masana sun ba da fassarori ga wannan kiɗa. Michael Veal na Jami'ar Yale, cikin littafinsa na 2007, ya danganta gutsattsarin muryoyin dub da tarihin mutanen da bauta ta yanke wa asali, waɗanda abin da suka riƙe na Afirka gutsure-gutsure ne. Wasu kuma sun ji ƙarar bindigogin Waterhouse cikinsa. Abin da ba a gardama a kansa shi ne amfanin da aka yi da filin da cire muryar ya bari. Tun shekarun 1950 kowane mai akwatuna yana da mai riƙe makirufo, wanda a ke kira dije, mai jefa 'yan kalmomi tsakanin faifai da faifai, aikinsa ya yi kama da na sanƙira a gaban makaɗa. Count Matchuki shi ne na farkonsu da aka sani. Da dub ya zo sai dije ya sami kiɗa cikakke da ba kowa a kai. U-Roy, dijen akwatunan Tubby, ya riƙe matsayi na ɗaya da na biyu da na uku a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a 1970, da magana kawai bisa tsofaffin kiɗan Duke Reid. Bayansa su Big Youth suka cika filin da wa'azin Rasta da labarin unguwa, cikin harshen gida tsantsa. Yaron da ba shi da muryar waƙa, ba shi da kuɗin jita, ya sami hanyar faɗin abin da ya gani da safe a daren ranar.

Wannan ya kuma sāke ma'anar mallakar kiɗa. Kiɗa guda, wanda su ke kira ridim, ya kan ɗauki waƙoƙi da dama na mutane dabam dabam, kamar yadda makaɗa da yawa ke hawa take guda. Kiɗan da aka ɗauka a ɗakin Coxsone a shekarun 1960 an yi ta sāke hawansu shekaru da yawa. Amfanin haka ya koma ga jama'a da masu ɗaukar waƙa, hasarar kuwa ta faɗa kan makaɗan da suka ƙirƙiro su, gama sau ɗaya a ke biyansu ladan yini. Sai a 1993 ƙasar ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka. Tubby bai ga wannan ba, an harbe shi a ƙofar gidansa ran 6 ga Fabrairu 1989.

7. Ƙetaren Teku

Mutanen Jamaika da suka yi ƙaura zuwa Ingila tun daga 1948 sun tafi da akwatunan sautinsu. 'Ya'yansu suka tashi cikin wariya da wata tsohuwar doka ta 1824 wadda ta ba ɗan sanda ikon kama mutum bisa zato kawai. Kalmar Babila ta dace da halinsu ba tare da gyara ba. Linton Kwesi Johnson, wanda aka haifa a Jamaika a 1952 ya girma a Brixton, ya riƙa rubuta waƙoƙi da harshen gida yana karanta su bisa kiɗan dub na Dennis Bovell. Cikinsu ya ajiye tarihin gobarar New Cross ta Janairu 1981, inda matasa baƙaƙe 13 suka mutu, da tarzomar Brixton ta Afrilun wannan shekara. A Jamaika kuwa wani mai irin wannan waƙa, Mikey Smith, an jefe shi da duwatsu har ya mutu a watan Agusta 1983, bayan ya yi wa wani taron siyasa katsalandan. A New York, Clive Campbell, haifaffen Kingston da aka sani da Kool Herc, ya fara shirya rawa irin ta gida a unguwar Bronx a 1973, daga nan a ke lissafin farkon kiɗan hip-hop.

Afirka da a ke ta ambato cikin waƙoƙin ita ma ta amsa. An gayyaci Marley ya yi wasa a bikin 'yancin Zimbabuwe a watan Afrilu 1980. Amma da 'yan Afirka suka ɗauki rege, zancen komawa gida ba shi da ma'ana gare su, sai suka juya kalmomin kan masu mulkinsu. Sonny Okosun na Nijeriya ya yi waƙa kan kisan Soweto. Alpha Blondy na Kwaddibuwa ya yi suna ne da waƙar dukan 'yan sanda cikin harshen Jula. Gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta hana faifan rege na farko na Lucky Dube a 1985. Tiken Jah Fakoly ya yi gudun hijira zuwa Mali a 2003 saboda barazanar da waƙoƙinsa suka jawo masa.

8. Kammalawa

Bayan zaɓen 1980 kiɗa ya sāke, rawa ma ta sāke. Dijoji suka rinjayi mawaƙa, zancen mata da kuɗi da bindiga ya yi yawa, a 1985 kuma wani kiɗa da aka ciro daga ƙaramar na'urar Casio ya nuna ana iya yin faifai ba makaɗa. Harshen Rasta ya ja baya, sa'an nan ya dawo a shekarun 1990 ta bakin su Garnett Silk da Luciano. Gwamnatin da ta taɓa aske 'yan Rasta ta sassauta dokar wiwi a 2015, ta yarda su yi amfani da ita wajen ibada, a watan Nuwamba 2018 kuma hukumar UNESCO ta sa rege cikin jerin al'adun da duniya ta gāda.

Tarihin nan ya nuna iyakar abin da waƙa ke iya yi. Ba ta hana zub da jinin 1980 ba, ba ta kuma rushe unguwannin jam'iyyu ba. Abin da ta yi shi ne ta tilasta wa masu mulki su yi magana da kalmomin waɗanda su ke mulka, ta ɗaga harshen da aka raina har ya shiga littattafai, ta kuma sa zuriyar bayi suka daina jin kunyar sunan Afirka. Ga mai nazarin roƙo da waƙar siyasa a ƙasar Hausa, misalin Jamaika yana nuna inda ya kamata a fara bincike: a duba wanda ke biyan mawaƙi, da wanda ya mallaki wurin da a ke sauraronsa, gama waɗannan biyu su ke iyakance abin da zai iya faɗa wa mai mulki.